Ranar da Nasani Ya Zaɓo Akori-kura

Shagon askina yana kallon rumfar Nasani, titi ne kawai a tsakaninmu. Don haka abin da zan faɗa muku, rabi da idona na gani, rabi kuma Tela ne ya ba ni labari. Shi kuwa Tela a kan ranar gama ɗinki kawai yake ƙarya, ban da wannan maganarsa ɗaya ce.

Sana'ar Nasani yankan makulli da gyaran kwaɗo. Sunan kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa an yi ruwa jiya a bayan gari, ya ce, "Na sani." Ka ce masa matarka ta haihu da asuba, ya ce, "Na sani." Wata rana wani mai wucewa ya ce masa, "Malam, gefen rigarka ya kama da wuta," sai da ya ce "Na sani" sannan ya kurma ihu. Shekarunsa hamsin da uku, ga tumbi da ke riga shi shiga ɗaki, ga lasin tuƙi da ya sa a firam ya rataye a saman injin yankan makulli. Shekara ashirin lasin nan na rataye, ba mahalukin da ya taɓa ganin Nasani a bayan sitiyari. In an tambaye shi dalili, sai ya taɓe baki ya ce motocin yanzu ba su kai ya ɓata hannunsa a kansu ba.

Yayarsa, wadda duk layin muke kira Yaya, ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma har yau Auta take ce masa ko a gaban wa. Kaji take kiwo a bayan gidanta da ke ƙarshen wani siririn lungu, kullum da safe tana aika ƙwai shaguna da gidan burodi. Masu babur mai ƙafa uku sun gallabe ta. Yau su makara, gobe su faɗa rami, ƙwai ya isa an riga an kaɗa shi a hanya. Mai gidan burodi, wanda shi ne babban mai sayen ƙwanta, ya aiko mata cewa in aka ƙara kawo masa fasasshe ko a makare, zai nemi wani. Shi ya sa Yaya ta yanke shawarar sayen akori-kura matsakaiciya don zirga-zirgar yau da kullum. Shekara huɗu tana tari kafin ta kai ga haka.

Ran da ta zo neman Makanike, a shagona ta same shi ina masa gyaran fuska. Nasani na zaune a benci yana jiran layi.

"Makanike, so nake ka je wurin masu sayar da motoci ka zaɓo mini..."

"Ina raye?" Nasani ya miƙe har benci ya ɗaga da mutumin da ke ɗaya gefen.

"Auta, zauna."

"Haba Yaya! Ciki ɗaya muka fito. A ce gidanmu za a sayi mota a aiki bare? Wannan da kike gani, sai mota ta mutu ake kawo masa ita. Gawar mota ya sani. Ina ya taɓa ganin lafiyayya?"

Makanike ya so ya mayar da martani, amma aska na kan maƙogwaronsa. Da na ɗaga hannu sai ya ce shi dai akwai injin da ya kwance a gareji, ba zai samu sarari ba sai jibi.

Yaya ta dubi ƙanenta. Duk faɗanta, tana da rauni a kansa.

"To ka je ka duba. Dubawa na ce, Auta, da ido. Kada ka taɓa komai. So nake ta shiga lunguna, ta ɗauki kiret arba'in, kuma kada ta riƙa shan mai kamar ana zuba shi a rariya."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Yanzu na faɗa maka."

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya ja Tela ya raka shi. Tela ya ɗauko tef ɗin awo, Nasani ya ce ya mayar da shi aljihu, awon mota ba awon wando ba ne.

Filin motocin babba ne, akori-kura jere layi uku, ƙanana, matsakaita da manya. Dillalin wani siririn mutum ne mai baƙin tabarau, ya taho da fara'a yana murza hannu. Nasani bai ko amsa gaisuwarsa da kyau ba. Ya goya hannu a baya, ya zagaya motar farko, ya kai wa tayarta shuri. Ya manta silifa ne a ƙafarsa. Ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya, ya dafa bonet, sannan ya kwantar da kunnensa a kai kamar dama abin da ya yi niyya ke nan.

"Wannan injin tari yake. Ka ji ko? Kaf-kaf-kaf. Ba zai kai wata shida ba."

"Yallaɓai, ai ba a tayar da ita ba. Janaretan maƙwabta ne kake ji."

"Na sani. Gwada ka nake, in ga ko kai mai gaskiya ne."

Ya ce zai duba injin da kansa. Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya ja wani abu, sai ɗan murfin tankin mai ya buɗe a gefe. Ya zagaya, ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ramin.

"Injin ya yi ƙanƙanta," ya ce.

Dillali ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Mu bar wannan," in ji Nasani. "Matsakaiciya muke nema. Kai da kake sayar da su, me ake nufi da matsakaiciya?"

"Wadda ba babba ba, ba ƙarama ba, yallaɓai. Ga su nan layin tsakiya, duk ka zaɓa."

"Wannan zancen talla ne. Dube ni da kyau. Ni dogo ne?"

"A'a."

"Gajere ne?"

Dillali ya dubi Tela. Tela ya dubi sama.

"A'a, yallaɓai."

"To ni ne matsakaici. Duk motar da na kwanta a bayanta, kaina ya taɓa can, ƙafata ta taɓa nan, ita ce matsakaiciya. Sauran duk ƙarya ce."

Kafin a ce wani abu ya haye bayan wata ƙarama ya miƙe. Gwiwoyinsa suka tashi sama, ya ce ta faɗi jarrabawa. Ya hau wata babba, ya mirgina sau biyu bai taɓa komai ba, ya ce wannan ai ɗaki ce da falo. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana hawa da nishi yana sauka da nishi, har mota goma sha ɗaya. Dillali ya gaji ya tafi wurin wasu masu saye. Tela ya tafi neman ruwan sha.

Mota ta goma sha biyu fara ce, bayanta na da murfi mai tauri da ake ɗagawa. Nasani ya shiga ya kwanta. Kansa ya taɓa can, ƙafarsa ta taɓa nan. Don murna, sai ya ce bari ya ga irin inuwar da ƙwai zai samu, ya jawo murfin. Ji kake ƙaras! Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe wa jama'a kwaɗo ya lalubi ko'ina a cikin duhu, ya tarar ramin makullin ta waje yake.

Ana haka wata likitar dabbobi ta iso filin, ita ma akori-kura take nema don zuwa rugage da gonaki. Idonta ya faɗa kan farar nan, ta ce za ta gwada ta. Dillali ya miƙa mata makulli ya shiga gefenta. Likitar kuwa ba ta wasa da tuƙi. Ta ce in za a gwada mota a gwada ta a inda za ta yi aiki, ta saki kwalta ta bi hanyar bayan kasuwa, wadda raminta ya fi hanyar yawa.

Dum! Dum! Dum!

"Wannan ƙarar fa daga baya?"

"Sabuwar mota ce, Likita, tana sabawa da hanya," in ji Dillali.

Suka faɗa wani rami suka fito. Sai wani dogon nishi ya biyo baya.

"Shekara goma sha biyar ina aikin dabbobi," Likita ta ce. "Wannan nishin rago ne mai kumburin ciki."

"Ba ma ajiye raguna, Likita."

Suka haye tudun rage gudu ba ta rage ba. Daga baya aka ji wata murya ta rangaɗa salati.

"Shi kuma rago ba ya salati," ta ce, ta taka birki a daidai bakin kasuwa.

Dillali ya buɗe murfin a gaban masu tireda da 'yan dako. Nasani ya tashi zaune, hularsa a baki, ƙululu ya fito masa a goshi. Ya cire hular ya karkaɗe, ya ɗora a kai, ya dubi jama'a.

"Madalla. Gwaji ya kammala."

"Wane gwaji?" in ji Dillali.

"Ƙwai motar nan za ta riƙa ɗauka. A cikinku wa ya taɓa tambayar ƙwai yadda yake ji a bayan mota? Ni yau na zama ƙwai. Kuma ga ni, ban fashe ba."

Likita ta dubi goshinsa ta ce, "Ka dai tsage." Ta miƙa wa Dillali makullinsa, ta ce ba ta sayen motar da ke zuwa da mutum a ciki, ta tari tasi ta yi gaba.

Dillali ya ga mai saye ɗaya ta kuɓuce, ya ƙudurta ba zai bar na biyu ba. Don haka da Nasani ya ce ba za a yi ciniki ba sai an kawo motar unguwa gobe da safe an gwada ta da kaya na gaske, sai ya yarda, da sharaɗin shi ma yana ciki.

Da yamma Nasani ya bi layinmu ƙofa-ƙofa yana shela. Ya ce mota ce ta amfanin yau da kullum, kuma yau da kullum ba na mutum ɗaya ba ne, duk mai kaya ya fito da shi gobe. Ita kuwa Yaya, abin da ya faɗa mata kawai shi ne za a kawo motar ta gani da idonta.

Da safe Yaya ta sa aka jere kiret arba'in na gidan burodi a bakin lungu, da kejin tsofaffin kaji ashirin da za a kai kasuwa, suna jiran masu babur su zo ɗauka, sannan ta tafi gareji don ta taho da Makanike ya duba motar. Fitarta ke da wuya Dillali ya iso da farar akori-kura tana sheƙi.

Nasani ya sa aka kwance murfin bayan aka jingine. Tela ya kawo keken ɗinkinsa da ke bukatar gyara. Matar mai wanki ta kawo katifar da za a kai wa 'yarta. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na ba da kujerar askina mai juyawa, wadda ƙafarta ke son walda, na haɗa da babban madubina da za a sake wa firam. Nasani ya tsaya yana ba da umarni kamar mai lodin jirgin ruwa. Katifa a gaba, ƙwai a kanta har ya wuce rufin mota, wai don ya sha iska. Keji a gefe. Madubi a can baya a tsaye. Kujera a tsakiya.

"Tela, hau kujerar nan ka riƙe ƙwai."

"Ni kuma? Ai ni rakiya kawai na yi jiya."

"Hau mana, kai da za a kai kyauta. Ina ka taɓa hawa mota a kujerar aski?"

Tela ya hau, ya miƙa hannu biyu ya dafe kiret.

Nasani ya zagayo ya miƙa wa Dillali tafin hannu. "Makulli."

"Yallaɓai, ni zan tuƙa. Ko kana da lasin?"

Nasani ya tsallaka rumfarsa ya cizgo firam ɗin har da ƙusarsa. Dillali ya duba hoton, ya dubi Nasani, ya sake duba hoton.

"Wannan ɗanka ne?"

"Ni ne, kafin tumbi. In ban tuƙa ba, babu ciniki. Sauke mana kayanmu."

Dillali ya dubi tulin kayan, ya ba shi makulli.

Duk layin an fito. Mata a ƙofar gida, masu shago a bakin shago, ni da almakashi a hannu da wani bawan Allah da na aske wa rabin kai. Nasani ya shiga, ya gyara zama, ya tayar da inji, ya ɗaga wa jama'a hannu. Sai muka ga yana ta lalube da ƙafa, fuskarsa na canzawa. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa.

"Ina ɗayar?"

"Ɗayar me, yallaɓai?"

"Feda uku ake yi wa mota, ni biyu na gani." Ya zuro kai ta taga. "Jama'a, ku shaida! Sun cire kuloci sun sayar! Da Makanike aka aika, da an cuci Yaya!"

"Yallaɓai, atomatik ce. Da kanta take canza giya."

"Na sani."

"To bari in nuna maka yadda..."

"Ni za ka koya wa karatu? Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro." Ya bi haruffan jikin giyar da yatsa yana karantawa da ƙarfi don kowa ya amfana. "P, Pakin. N, Natsu. R, Ruga. D, Dakata."

"Yallaɓai, ba da Hausa aka..."

Nasani ya ja giya zuwa Ruga, ya danne totur har ƙasa.

Motar ta ruga kuwa, amma da baya. Ta tsallake titi kamar an harba ta, ta nufi rumfar Nasani kanta. Ƙafafun rumfar suka karye, kwanon rufi ya kife, makullai fiye da dubu suka tashi sama suka zubo kamar ruwan ƙanƙara. Kujerar askina ta fara aikin da aka ƙera ta dominsa. Tela ya saki ƙwai ya kama hannun kujera, yana juyawa yana kiran sunan mahaifiyarsa, muna ganin fuskarsa, muna ganin ƙeyarsa, muna ganin fuskarsa.

"Birki! Birki!" Dillali na ihu.

Nasani ya kai ƙafar hagu neman kulocin da babu, ta sauka a kan birki. Motar ta yi turjiya, kiret na sama suka yi tsalle suka dawo mazauninsu da wata ƙara mai sa tsikar jiki tashi.

"Tsaya haka! Kada ka ƙara taɓa komai! Dakata!"

"Dakata? Na sani!"

Ya ja giya zuwa Dakata, ya ɗaga ƙafar hagu. Ta dama kuwa tana nan a kan totur.

Ban taɓa ganin mutanen layinmu sun yi gudu irin na ranar ba. Mutumin da na aske wa rabin kai, a saman katangar maƙwabta na gan shi da mayafin askina a wuya. Motar ta sake tsallake titi, wannan karon da gaba, ta ɗan karkace, ta cusa kai cikin lungun Yaya. Madubin hagu ya tafi. Na dama ya bi shi. Bango ya kama ta ta nan, bango ya kama ta ta can, suna kuka ƙiiiii, har ta kai tsakiyar lungu ta tsaya cak.

Motar ta tsaya, amma ƙwai bai samu labari ba. Kiret suka tashi ta saman rufi suka sauka a kan gilashi da bonet. Keji ya fashe, kaji ashirin suka watsu suna kyarkyara. Keken ɗinki ya kwanta a kan katifa. Madubina kaɗai ya tsira, yana tsaye a baya yana nuna mana fuskokinmu, kowa baki buɗe. Tela kuwa bai daina juyawa ba.

Nasani ya tura ƙofa, bango. Dillali ya tura tasa, bango. Nasani ya nemi hon don a kawo agaji, ya taɓa abin share gilashi, abin ya shiga kaɗa ƙwai hagu da dama. Dillali ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli ya jefa cikin rigarsa.

Yanzu na cikin lungu ba su iya fita, na waje ba su iya shiga. Wani malamin makaranta da ke zaune a ciki ya makara, ya ce shi kam sai ya wuce. Ya taka taya ya hau bonet, santsi ya kwashe shi ya mayar da shi inda ya fito, jakarsa ta wuce ba shi. Ga zafin inji ga zafin rana, sai ƙwan da ke kan bonet ya fara soyuwa, ƙamshi ya cika lungu. Wata tsohuwa daga ciki ta leƙo, ta koma, ta dawo da gishiri da cokali.

Nasani ya zuro baki ta 'yar tazarar taga. "Kun gani? Har girki tana yi. Wannan ba a faɗa mini a filin ba, ni na gano."

A daidai lokacin Yaya ta iso, Makanike na bayanta. Bayansu kuma mai gidan burodi a kan babur, ya zo da kansa jin dalilin da ƙwai bai iso ba. Layin ya yi tsit, har kajin suka rage murya. Yaya ta tako a hankali, makullai na ƙara a ƙarƙashin takalminta, ta tsaya a bayan motar, ta yi magana ta 'yar tagar baya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Me na ce maka?"

"Kin ce ta shiga lungunki. Ga ta a ciki."

"Ƙwaina fa?"

"Ta ɗauki arba'in cif, kowa shaida ne. Ba mu yi maganar saukewa da ke ba."

Mai gidan burodi ya zo da fushinsa, amma da ya ji wannan, ya kuma hango Tela na ƙarasa juyinsa na ƙarshe da kaza a cinya, sai dariya ta kayar da shi daga kan babur. Ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Ya ce ya ba Yaya zuwa azahar, in za ta iya haɗa masa ko rabi ne. Akwai kiret goma sha biyu da katifa ta cece su, akwai kuma ƙwan da kaji suka saka da safen nan, amma yana can bayan gida, motar ta tare hanya. Nan take mutanen cikin lungu suka yi layi, suna miƙo kiret hannu da hannu ta saman rufin motar, mu na waje muna karɓa.

Dillali ya manna fuska a tagar baya. "Hajiya, motar nan fa ta zama taki. Ba inda zan mayar da ita a haka."

Yaya ba ta kula shi ba. Ta ce Makanike ya duba mata. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ya daɗe yana ƙwanƙwasa wannan yana girgiza wancan, ya fito da ɓawon ƙwai a gemu.

"Gaskiya, Yaya, ƙasanta lafiya lau, ko ɗigon mai babu. Madubai ne da fenti. Da ni na je, ita zan zaɓo. Kuma lungun nan ya fi ta faɗi da tafin hannu biyu. In an ninke madubai za ta shiga ta fita lafiya, in dai mutum ne ke tuƙi."

"Kun ji ko!" Nasani ya daka tsawa daga ciki. "Maimaita, Makanike, na baya ba su ji ba!"

Yaya ta dubi Dillali. "Zan saya, amma madubai da fenti sai mun zauna. Tambaya ɗaya: da wanda ke ciki za ka sayar mini, ko ban da shi?"

"Kyauta na ba ki shi, Hajiya."

"Ba na so. Shekara hamsin da uku ina da shi."

Sai batun fito da su. Hanya ɗaya ce, 'yar tagar baya. Dillali siriri ne, ya zare kamar zare a allura. Nasani ya biyo, kai ya fito, kafaɗu suka fito, tumbi ya ce shi nan ya ga wurin zama. Mutum huɗu suka ja hannuwansa, bai motsa ba. Aka ce ya koma ciki, nan ma ya ƙi. Ya tsaya rabi a mota rabi a duniya, yana ba masu ja shawarar yadda ake ja.

Makanike ya ce sai an samu abu mai santsi. Yaya ta ce a bar mata wannan. Ta naɗe hannun riga, ta hau bayan motar, ta jawo wani kiret da ya tsattsage, ta shiga fasa ƙwai tana shafe tumbin ta kowane gefe. Da ta gama, ta zaɓi wani lafiyayye, babba, ta cire masa hula, ta fasa masa a tsakiyar kai.

"Yaya, ai kaina ya riga ya fito!"

"Wannan nawa ne."

Aka sake ja. Ji kake fut! Ya fito gaba ɗaya, ya wuce masu jan, ya faɗa cikin fasasshen keji. Da ya miƙe, duk gashin da kaji ashirin suka zubar a tsorace ya manne masa daga kai har gwiwa. Makanike ya karɓi makulli ya shige ta tagar, na cikin lungu suka tura, motar ta sulalo waje da baya, salin-alin, ta tsaya a bakin titi.

Muka ɗauko Tela daga kujera. Ƙafafunsa suka ƙi yarda da ƙasa, sai da ya rungume sandar wutar lantarki. Mai gidan burodi ya ɗaure ƙwansa ya tafi yana dariya. Yaya da Dillali suka ja gefe suna magana.

Nasani ya tsallaka titi yana ɗiga, ya hau kan kifaffen kwanon rumfarsa, ya ɗaga hannu biyu, gashin kaza na tashi daga hammatarsa.

"Jama'a, ba sai kun gode ba. Ilimi in Allah ya ba ka, na kowa ne." Ya waiga ya hango Tela a jikin sanda. "Yawwa, Tela! Na ji an ce kana shirin sayen babur. Jibi ba ni da aiki, ka ga rumfa ma ta rushe. Mu tafi da wuri in zaɓo maka."

Tela ya saki sandar da hannu ɗaya, ya ɗaga yatsa sama, yana layi.

"Ku shaida, jama'a, manya da yara. Na fasa. Wallahi na fasa. Ƙafar nan da Allah ya ba ni ta ishe ni har in mutu."

Shekara uku ke nan. Ko ina ka ga Tela, ko da rana ta take, ko ana ruwa, a ƙafa yake.